Inna a ƙasar masu dankali

A kasuwar Argungu idan ka ce wa mai kayan gwari ya auna maka "arish", ba zai tambaye ka me kake nufi ba. Dankalin turawa zai zuba maka, irin wanda ake sauko da shi daga Jos. Na fi shekara talatin ina kiran wannan suna ban taɓa kawo wa raina cewa mutanen wata ƙasa nake ambata ba, sai da aure da aikin jinya suka kai autarmu ƙasar Ayalan.

Shekararta biyar ke nan a can ita da mijinta, a wani gari da ake kira Galway. A can ta haihu, aka sa wa yarinyar sunan Inna. Har yarinya ta shekara uku Inna ba ta taɓa ɗaukar takwararta ba, sai dai gani ta waya: a ce "ga kaka, ga kaka", a ɗaga hannu, hoto ya daskare, intanet ta ɗauke. Bara da shinkafar rani ta yi albarka, kuma ta yi kuɗi, na ce kafin taki da man injin ban ruwa su lashe ribar, bari in sauke wannan nauyi. Muka shiga neman biza mu biyar, ni da Inna da uwargida da yara biyu, tafiya ba ta yiwu ba sai bana a ƙarshen Yuni.

Shawarar shiga motar 'yan yawon buɗe ido ta Auta ce. Ta ce, "Yaya, in kuka zo kuka zauna a gidana, bango huɗu kawai Inna za ta gani ta koma. Bari in ɗauki hutu mu zaga ƙasar tare." Ta kama mana wuri a wani kamfani: kwana shida, mota ɗaya, jagora ɗaya, kowane dare a otal ɗin wani gari. Ni ma hakan ya yi mini, don ina da wata manufa da ban faɗa wa kowa ba. Ban da aikin Hajji Inna ba ta taɓa fita waje ba. So nake ta ga dukiyar turawa da tsarinsu da idonta, ko ta daina yi mini ƙorafin cewa da sa hannuna aka ɗauke mata 'ya aka kai uwa duniya.

Ga mai niyyar zuwa: Ayalan ba ta cikin ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kuma bizar Ingila ba ta shigar da ɗan Najeriya. Tata daban ce, a Abuja muka miƙa takardu, sai haƙurin jira. Tsibirin kansa a rabe yake tun 1921, gunduma 26 su ne jamhuriyar da ke kashe yuro, shida na arewa suna ƙarƙashin Birtaniya, shi ya sa Auta ta kauce wa duk rangadin da ke leƙa Belfast, babban birnin arewar. Babu jirgi kai tsaye, ta Istanbul muka bi. Kuma ba a shiga da nama ko kayan madara, don haka kilishi da man shanun da Inna ta yi wata guda tana tanadi a Argungu suka tsaya. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji dai sun haye. Yajin nan a jakar hannunta ya yi rangadin gaba ɗaya.

A filin jirgin Dablin Auta ta faɗa jikin Inna tana kuka, Inna na shafa kanta. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta kamawa, amma auta ai ba a yi mata kara. Sai ta sunkuya ta buɗe hannu ta ce, "Taho, takwara." Yarinya ta dube ta sama da ƙasa, ta zagaya bayan uwarta ta ƙanƙame ƙafa, ta faɗi wata magana da irin Turancin da ni kaina sai da na kasa kunne. Inna ta ce, "Mi ta ce?" Auta ta ce kunya take ji. Ba haka ta ce ba. Tambaya ta yi, wace ce wannan.

Washegari muka shiga mota. Doguwar bas ce, mu kusan arba'in, yawanci tsofaffin Amurkawa. Jagoran dattijo ne ja-wur, malamin makaranta da ya yi ritaya, ga barkwanci, ga baki kamar sanƙira. Sai dai duk inda aka tsaya zai ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa agogonsa da yatsa: minti arba'in, minti ashirin. Kafin azahar Inna ta raɗa masa suna Mai-agogo, har muka rabu yara ba su san yana da wani suna ba. Da direba ya kama hannun hagu uwargida ta dafe ƙirji, Inna ko a jikinta. Ta ce ai haka muke dauri, tana amarya aka koma hannun dama. Na lissafa, 1972 ke nan, ta yi daidai.

Rana ce ta rikita mu. A wannan lokaci na shekara agogonsu ɗaya da na Najeriya, ko juya namu ba mu yi ba, amma rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, biyar na safe kuma ta fito. Daren farko Inna ta yi alwala tun ƙarfe bakwai ta zauna kan darduma tana jiran magariba. Ta leƙa taga, gari kamar la'asar sakaliya. Ta ja carbi, ta sake leƙawa, har gyangyaɗi ya ɗauke ta. Da ta farka ta ce, "Wanga gari, ranarsu ba ta da gida?" Daga nan muka kama kasaru da haɗa salloli irin na matafiya. Ruwa kuwa kullum ne, amma yayyafi, tsit-tsit, ba tsawa ba walƙiya. Inna ta ƙi yarda a kira shi ruwa. Duk safiya sai ta sa na kira gida na tambaya ko an samu na shuka.

Dablin a guje muka ga ta. Jami'ar Trinity da aka kafa a 1592, kogin Liffey da ya raba gari biyu, gadoji, shaguna. A bakin kogin akwai wasu mutum-mutumi na tagulla, dogaye, ƙasusuwa a waje, tsumma a jiki, ɗaya ya saɓo yaro a kafaɗa, ga ramammen kare a bayansu. Inna ta kau da kai ta ce, "A'uzubillahi, gumaka." Ni ma ban tsaya karanta allon ba, Mai-agogo na can yana ƙwanƙwasa hannu.

A Kilkenny muka sha kunya sau biyu. Ta farko wajen karin kumallo: ɗana ya kai cokali kan wani abu baƙi zagayayye kamar ƙuli-ƙuli, Auta ta buge hannunsa. Jinin alade ne ake cuɗawa da hatsi. Daga ranar muka tsaya kan ƙwai da wake da burodi da kifi, shi ma kifin sai an tambaya ko da giya aka kwaɓa fulawar da aka soya shi. Sai dankali. Dafaffe, soyayye, gasasshe, kirɓaɓɓe kamar sakwara, wani lokaci iri biyu a faranti ɗaya. Inna ta buɗe jaka ta barbaɗa yaji, ta zagaya da shi kan kowa. Wata Ba'amurkiya da ke kusa ta roƙi a ɗanɗana mata, ta yi ta tari da hawaye, washegari kuma ta sake miƙo faranti.

Kunya ta biyu a fadar garin ce. Ginin dutse ne a bakin kogin Nore, ya haura shekara 800, zuriyar Butler suka riƙe shi kusan shekara 600, har a 1967 magajinsu ya miƙa wa mutanen gari a kan fam 50. Ina zagayawa ina tuna gidan tarihin Kanta da ke bayan gidanmu, wanda rabona da shiga tun ina firamare, da ganuwar Surame da sau ɗaya tak na taɓa zuwa, ni da ke bugun ƙirji da sunan Bakabe. Da muka fito muka nemi gefen ciyawa muka yi azahar da la'asar. Ga gwiwar Inna, ga nisan inda aka ajiye mota, muka makara da minti goma sha biyar. Muka shiga, mutum arba'in zaune, babu wanda ya ce uffan. Da zagi suka yi da ya fi mini sauƙi. Mai-agogo ya ja Auta gefe ya tambayi abin da ya faru. Washegari da safe, kafin ya faɗi tsarin yini, sai da ya zo kujerarmu ya ce ƙarfe nawa Mama ke salla, ya gyara wurin tsayawa. Wannan na riƙe masa.

Rana ta uku muka sauka Cobh, kusa da birnin Cork. Haka ake rubuta shi, amma a baki kamar "Kof" yake fita. Gari ne a kan gangare yana kallon teku, gidaje kala-kala a jere kamar kwanonin amarya, can sama wata babbar majami'a mai ƙararrawa 49. Nan ne jirgin ruwan Titanic ya yi tsayawarsa ta ƙarshe ranar 11 ga Afrilu 1912, ya ɗauki mutum 123. Yara suka yi ta murna don sun san labarin. Amma da muka isa bakin gaɓa sai na ji muryar Mai-agogo ta sauya, barkwancin ya tafi. Ya ce daga nan inda muke tsaye kimanin mutum miliyan biyu da rabi suka bar ƙasar tsakanin 1848 da 1950. Yana faɗa ina mayar wa Inna da Hausa.

A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankali. A lokacin talakan ƙasar ɗan haya ne a gonar da kakansa ya share. Filaye na hannun manyan masu ƙasa, da yawansu ma a Ingila suke zaune. Talaka ya noma hatsi ya biya haya, shi da iyalinsa su rayu a kan dankalin da suka shuka a ɗan gefe. Sai ga shi ka haƙa kunya ka tarar ya yi baƙi, ya ruɓe, yana wari. Shekara ta zagayo, haka. Aka yi ta fama har wajen 1852. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan ɗaya suka shiga jirgi. Ƙidayar 1841 ta sami mutum sama da miliyan takwas a tsibirin, kuma har yau bai mai da wannan adadin ba. Duk cikin shekarun nan jirage ba su daina fita da hatsi da shanu zuwa Ingila ba.

Inna ta riƙe mini hannun riga, abin da ba ta yi. Ta ce, "Dakata. Hatsi na hita, mutane na mutuwa?" Na ce haka ya ce. Ta yi shiru, ta ce, "To wagga ba yunwar fari ba ce, ta mutane ce." Sai ta shiga ba ni labarin farin 1973, wanda ban taɓa jin ta ba da shi dalla-dalla ba: mushen shanu a bakin hanya, Buzaye da mutanen Nijar suna gangarowa da 'ya'ya a kafaɗa, mace ta cire abin wuyanta na azurfa ta bayar a kan 'yan tiyoyin gero. Ta ce kakarta kuma labarin yunwar Kakalaba take ba su, lokacin da ake tona gidan tururuwa a kwashe hatsin da ta tara. Da na gaya mata cewa Sarkin Santambul, Sultan Abdulmajid, ya aiko wa mutanen nan da gudummawar fam 1,000 a 1847, ta ce Allah ya jiƙansa. Can sai ta ce, "Gumakan nan na bakin gulbi, su ne?" Na ce su ne. Ta ce, "Da na sani da na tsaya."

Mai-agogo ya ci gaba. Ya ce a ƙauyukansu, daren da yaro zai kama hanyar Amurka, dangi da maƙwabta kan taru a gidan, a ci, a sha, a yi kiɗa, gab da asuba a fashe da kuka. Sunan da suke ba wa wannan taro shi ne sunan zaman makoki, don wanda ya tafi ba a sa ran sake ganinsa. A bakin gaɓar akwai mutum-mutumin wata budurwa, Annie Moore, da ƙannenta maza biyu. Daga nan suka tashi, kuma ita ce mutum na farko da aka rubuta a sabuwar tashar karɓar baƙi ta tsibirin Ellis a New York, ranar 1 ga Janairu 1892. Wannan karon Inna ba ta kau da kai ba. Ta ce in tambaye shi, ta dawo? Ya ce a'a, a can ta rasu a 1924.

Na faɗa mata. Ta juya ta dubi Auta, wadda ta duƙa tana share wa yarinya hanci kamar ba ta ji ba. Sannan ta dubi tsofaffin Amurkawan nan, ɗaya riƙe da wata tsohuwar takarda yana nuna wa jagora sunan wani ƙauye yana tambayar ta ina yake. Ta ce, "Waɗanga su ne ɗiyan waɗanda sunka tahi?" Na ce jikokin jikokinsu. Ta ce, "Sun biya kuɗi a nuna musu garinsu." Daga nan na daina fassara, ita ma ba ta sake tambaya ba har muka kai Killarney.

Dukiyar da na kawo ta gani kuwa, ko kallo ba ta ishe ta ba. A zagayen Kerry, hanya mai kilomita 179 da kwana-kwana har ɗana ya yi amai a leda, kowa na ɗaukar hoton teku da duwatsu, ita gona take dubawa. Ta ce ƙasar ba ta da kirki, dutse ya yi mata yawa, ciyawa kawai take iyawa. Katangun da suka yanka filaye ƙanana-ƙanana, dutse kan dutse ba laka ba siminti, ta ce wannan ba ado ba ne, wahala ce, mutum ya tsince su ɗaya-ɗaya kafin ya sami wurin sa fartanya. Tana kuma ƙirga kufai, gidajen da suka rage bango babu rufi. A wata gona aka nuna mana makiyayi yana juya garken tumaki da kare ɗaya da fito, tumakin an shafa musu fenti ja da shuɗi don a san na wane ne. Inna da ba ta haɗa hanya da kare ta tattare zani ta ja baya, amma ta yarda cewa ya yi aikin yara biyar. A Adare kuma, da ta ga turawa na layin ɗaukar hoton ɗakunan ciyawa, dariya ta yi har da tafa hannu, ta ce a gaya wa kawunmu da ya ci bashi ya yi rufin kwano.

Ra'ayina kan irin wannan rangadi, tunda wasu sun tambaye ni: ga mai tafiya da tsoho da yara, hutu ne. Ba neman hanya, ba jan akwati, ba cinikin otal. Amma kiwo ne ake yi da ku, ba bambanci da tumakin nan sai fenti. Inda ranka ke son zama a ba ka minti ashirin, inda babu komai sai shagon tsaraba a ba ka awa guda. Kuma kada ka riƙa mai da kuɗin kofin shayi zuwa naira, shayin ba zai haɗiyu ba. Da zan sake, gari uku zan zaɓa a kwana shida.

A Moher, inda gaɓar dutse ta miƙe tsaye mita 214 a kan teku, iska ta hana Inna hawa. Ita ma yarinya ba a yarda a je da ita baki ba. Dole aka bar su su biyu a kan benci a ƙasa, babu mai fassara. Na hau ina waiwaye. Mun yi kusan awa. Da muka sauko ban gan su a bencin ba, gabana ya faɗi. Can na hango Inna a jikin bango inda iska ba ta kaiwa, ta goya takwararta da mayafi, ta ɗaure tam, tana ɗan rausaya tana yi mata waƙar raino. Yarinya ta yi barci, da ƙwallon dabino a hannu. Amurkawa sun zagaye su da waya. Mai-agogo ya tsaya yana kallo, ya ce haka kakarsa ke ɗaukar yara a cikin babban gyalenta. Ranar mu muka jira shi.

A Galway rangadin ya ƙare. Akwai wata gada a kan kogin Corrib, idan ka leƙa sai ka ga manyan kifayen salmon a jere cikin ruwa, sun fuskanci sama, ba mai taɓa su sai mai lasisi. Bakabe ya ga kifi kwance haka, ga ba homa ba gora, hannuna har ƙaiƙayi yake. Na ba Mai-agogo labarin Matan Fada, kogin da ake bikin kamun kifi na Argungu, inda mu ma ake hana kamu sai ranar biki, tun 1934 ake yi, da irin giwan ruwan da sai ƙarti sun taru su ɗaga. Ya ce in ya zo zai riƙe mana agogo.

A kan gadar ce uwargida ta tambaye shi me ya sa kowane allon hanya rubutu biyu ne. Ya ce na sama harshensu ne na asali. Kakarsa daga yammacin nan take, da shi ta tashi. Mahaifiyarsa na jin duka biyun. Shi a makaranta ya koya, yana ji, amma ba ya mafarki da shi. 'Ya'yansa biyu suna Ostireliya. Ya ce a ƙarni na 19 akan rataya wa yaro ɗan itace a wuya, duk lokacin da ya yi harshen gida a yi tsaga, a ƙirga a yi masa bulala. Na tuna yadda monita ke rubuta sunan masu yin Hausa a ajinmu. Wannan kam na fassara wa Inna. Ba ta ce da ni komai ba, Auta ta fuskanta.

"Ki riƙa yi mata magana."

"Ina yi, Inna. Tana ji, mayarwa ce ba ta yi."

"Mai-agogo ma yana ji."

Mun ƙara mako biyu a gidan Auta. Inna ta karɓe kicin, tuwon shinkafa miyar kuka, kullum takwara a bayanta ko a gindinta. Ana gobe za mu taso Auta ta ce za ta kira 'yan Najeriyar da ke unguwar a yi ɗan zama da daddare a yi mana sallama. Inna ta ce a'a. Auta ta ce ai ba wani abu ba ne, shinkafa ce kawai da lemo. Ta ce ta sani, ba dai za a yi mata taron dare kafin tafiya a wannan ƙasa ba. Sai ta buɗe akwati ta fid da mayafin da ta yi goyo da shi a Moher ta ajiye a kan gadon yarinya, ta ce in sun zo da babbar salla su taho mata da abinta. Auta ta ce hutu da kuɗin jirgi, sai dai a gani. Inna ta ce ita dai ta faɗa.

Yanzu kusan kullum suna kira bayan isha, can kuma gari da sauran haske. Yarinya kan ƙwace wayar ta cika allon da fuska, ta ce, "Inna, ina kwana." Gaisuwar da ta riƙe ke nan, ko ƙarfe nawa ne. Yarana suka fara dariya za su gyara mata, Inna ta harare su. Ta gyara zama, ta ce, "Lahiya lau, takwara. Ina gajiya?"